Tafiya a cikin bis

Ƙasarmu Nijar babbar ƙasa ce. Daga Yamai zuwa Damagaram, kilomita kusan 900 ne. Daga Yamai zuwa Difa, ya wuce kilomita 1300. Jirgin sama ya fi ƙarfin talaka. Jirgin ƙasa kuwa, an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma jama'a ba su samu jirgin fasinja a kansa ba. Saboda haka mota ita ce jirgin talaka. Ɗan kasuwa da ita yake zuwa sari. Ɗan cin rani da ita yake komawa gida in damina ta kusa. Marar lafiya da ita ake kai shi babban asibiti. A cikin wanga darasi za mu duba tafiya a babbar motar fasinja, wadda muke ce ma bis ko kar. Za mu ga abin da mutane ke so game da ita, da abin da suke tsoro, da abin da ya kamata matafiyi ya sani tun kafin ya bar gida.

Jiya da yau

Kakanninmu da ƙafa suke tafiya, ko a kan jaki, ko raƙumi. Fatake sukan je Kano, wasu har Gwanja neman goro. Ayari yakan ci kilomita kamar 30 a wuni guda. To, ku yi lissafi da kanku. Kilomita 900, a riƙa cin 30 kullum, kwana 30 ke nan. Wato daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar wata guda ce cur. Shi ya sa a wancan zamani, in mutum zai yi doguwar tafiya, sai ya bi dangi gida-gida yana neman gafara.

Bayan haka manyan motocin kaya suka shigo. Sai a cika su da buhunan gyaɗa ko na hatsi, mutane su hau bisa kaya. Rana ta doke su, ƙura ta rufe su, in an yi ruwa su jiƙe. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa kamfanin sufuri na ƙasa, wanda ake kira SNTN. Shekaru da yawa, wanda ya samu wuri a motar SNTN ya yi sa'a. An kuma shimfiɗa kwalta a babbar hanya ta ɗaya, wadda ake ce ma Hanyar Haɗin Kai. Sannan aka yi hanyar uraniyom, daga Tawa zuwa Agadas har Arlit.

A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Kayan gyaran mota suka yi tsada, kuɗɗin mota ma ya hau. Daga shekarun 2000 kuma, kamfanoni masu zaman kansu suka yawaita, irin su Rimbo, Azawad, Sonef, STM da Al Izza. Da suka yi yawa, sai kowane ya shiga neman fasinja. Motoci suka riƙa tashi kowace rana, wasu har da na'urar sanyi. Tafiyar da kakanninmu ke yi a wata guda, yau ana tashi da asuba a kwana can.

Motar tasha da motar kamfani

Iri biyu ne, kuma kowace da halinta.

Motar tasha ita ce ƙaramar mota irin Hiyas. Ba ta da lokaci. Sai ta cika take tashi. Ɗan kamasho zai ce maka saura mutum guda, alhali saura biyar. Kana iya zama tun hantsi har azahar. Amma tana da nata amfani. Tana tsayawa a ƙauye, tana shiga kasuwannin mako, tana ɗaukar akuya da buhun gero, kuma ana ciniki da mai ita.

Motar kamfani tana da lokacin tashi. Ko ta cika ko ba ta cika ba, in lokaci ya yi za ta kama hanya. Kuɗɗinta a rubuce suke, ba a ciniki. Ana ba ka tikiti, wanda wasu ke ce ma biye. Ana rubuta sunanka. Kaya kuma ana sa masu lamba a zuba su a ƙarƙashin mota. Amma ba ta tsayawa ko'ina. In garinku ba ya bakin kwalta, sai ka sauka a gari mafi kusa, ka nemi ƙaramar mota, ko kabu-kabu, ko amalanke.

In tafiya gajera ce, kamar Maraɗi zuwa Cadawa ran kasuwa, motar tasha ta isa. In doguwa ce, ko kana tare da tsoho, ko mai ciki, ko marar lafiya, motar kamfani ta fi kwanciyar hankali, ko da ta ɗan fi tsada. Araha ba ta ado.

Mu bi hanya daga Yamai zuwa Damagaram

Yawancin motocin doguwar tafiya suna barin Yamai tun kafin gari ya waye. Shi ya sa mutane da dama sukan kwana a tashar kamfani, bisa tabarma. Bayan kilomita kamar 60 sai Kure, inda raƙuman dawa suke. Wanda ya yi sa'a yakan hange su ta taga. Sai Birnin Gaure, sai Doso, kilomita kusan 140 daga Yamai. A Doso ne hanya ta rabu, guda ta yi kudu zuwa Gaya.

Daga nan sai Dogon Dutsi, sai Birnin Ƙonni, kilomita kamar 420. A Ƙonni akan ɗan jima, a ci abinci, a yi salla. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, masu zuwa Tawa da Agadas suke karkata arewa. Masu zuwa gabas sai su wuce Malbaza, garin siminti, sai Galmi, garin albasa. Sai Madawa, inda masu tallar kilishi da tabarmi ke kewaye mota. Sai Gidan Rumji, sai Tibiri, sai Maraɗi, kilomita kamar 660 daga Yamai.

Daga Maraɗi saura kilomita kamar 235. Ana bi ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita, sannan a shiga Damagaram. Jimlar tafiyar takan wuce awa 12. In mota ta samu matsala, ko hanya ta lalace da damina, sai abin da Allah ya yi.

Sanin sunayen garuruwan nan yana da amfani. Wanda ya san hanya ba ya wuce tasharsa yana barci. Kuma in ƴan'uwa sun kira shi a waya, ya san abin da zai ce masu.

Yadda mutane ke ganin tafiyar bis

Ba kowa ke shiga mota da zuciya guda ba.

Ƴan kasuwa su ne suka fi yabonta. Mace mai sarin atamfa ko turare ta san ranar da za ta tafi da ranar da za ta komo. Wani ma ba ya tafiya da kansa. Sai ya kai kunshi tashar kamfani, a rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa, gobe kaya su isa. Ga ɗan kasuwa, lokaci jari ne.

Samari da ɗalibai suna son ta don ganin gari. Yaron da bai taɓa fita ƙauyensu ba, ran da ya fara zuwa Yamai ya ga kogin Isa da gadojinsa, ba ya mantawa har ya tsufa. A mota zai ji Zabarmanci, ya ji Fillanci, ya ji yaren Buzaye da na Barebari. Tafiya mabuɗin ilimi.

Tsofaffi da yawa ba sa son ta. Zama wuri guda awa goma yana kumbura masu ƙafafu, yana sa ciwon baya. Sanyin na'ura yana shiga ƙashi. Ga ƙarar talabijin ko kiɗa da ba su nema ba. Wani tsoho ya gwammace ya aika ɗansa. Amma in rasuwa aka yi, ko auren jika, zuwa da kai ya fi saƙo.

Mata suna da tasu damuwa, wadda ba kasafai suke faɗi a fili ba. Motar takan daɗe ba ta tsaya ba. In ta tsaya a daji, maza sai su sauka kowa ya yi gefe, mace kuwa babu wurin fakewa. Saboda haka mata da yawa sukan ƙi shan ruwa tun daga dare. Wanga abu yana cutar da jiki, musamman da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Mai ciki da mai shayarwa su suka fi shan wuya. Ya kamata maza su gane haka. In mace ta nemi a tsaya, kada a yi mata tsaki.

Ɗan cin rani kuwa, zuwa da dawowa ba ɗaya ba ne a wurinsa. In zai tafi, aljihu fayau, zuciya cike da tunani. In zai komo, guminsa na wata shida yana ɗaure a ƙugu, ga jakar tsaraba. Shi tsoronsa ɓarawo, da ɓacewar kaya.

Akwai kuma tsoro guda da ya haɗa kowa, shi ne haɗari. Kusan kowane gari akwai gidan da aka yi zaman makoki saboda hanya.

Gudu da barci

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Ta ce tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi shi kisa. Mukan ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma mai jaki ma yakan ɗaure jakinsa kafin ya kwanta. Akwai abubuwan da ke jawo haɗari, kuma an san su.

Na farko, gudu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita kusan 28 kafin ka ƙirga ɗaya. Kuma in an ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka burki yakan ninku sau huɗu. Hanyoyinmu kuwa cike suke da amalanke, da jakuna, da shanu masu ƙetarawa, da yara a bakin ƙauye. Babbar mota mai ɗauke da mutane da kaya ba ta tsayawa nan take.

Na biyu, barci. Direban da ya rufe ido na ƙirga uku kawai, motar ta ci sama da mita 80 babu mai riƙe da ita. Goro da shayi da kofi suna jinkirta barci, amma ba sa biyan bashinsa. Ƙwaya kuwa, irin su tramol, tana sa mutum ya ga kamar ya fi kowa iyawa, alhali hankalinsa ya ragu.

Na uku, lodi fiye da kima. In an tula kaya bisa rufin mota, nauyi ya koma sama. A kwana kaɗan sai ta kife. Taya ma in nauyi ya yi mata yawa ga zafin kwalta, sai ta fashe.

Na huɗu, waya a hannun direba, da wuce wata mota a inda ba a ganin gaba.

Fasinja yana da bakin magana

A nan ne muke da laifi mu duka. Sau da yawa direba yana zuba gudu, kowa ya gani, kowa ya yi shiru. Wani yana jin nauyi. Wani yana tsoron a ce shi matsoraci ne. Wani ma zuga direban yake, don yana son ya isa da wuri. Alhali sauri ya haifi nawa.

Kuɗɗinka ka biya, kuma ranka ne a ciki. Kana da ikon yin magana. Amma magana ta hankali, ba zagi ba, don direban da ya fusata ya fi haɗari. Dattijo yana iya matsawa gaba ya ce: "Direba, sannu da aiki. Don Allah a sassauta kaɗan, akwai mata da yara." Tsohuwa tana iya cewa: "Ɗana, mi ake ma sauri? Garin ba ya gudu." In mutum guda ya yi magana, saura su mara masa baya. Direba yakan ƙyale murya guda, amma ba ya ƙyale murya goma. In bai ji ba, a faɗa ma shugaban tashar kamfanin a gari na gaba, ko jami'an tsaro a shinge.

Mu kuma tuna, direba mutum ne. Shi ma yana da iyali da ke jiransa. In ya tsaya don ya huta ko ya duba taya, kada mu dame shi da ƙorafi.

Karatun tikiti

Tikiti da Faransanci ake rubuta shi, amma lambobin da ke ciki duk mun koye su. Abu huɗu za ka duba kafin ka bar wurin mai sayarwa.

1. Sunanka. Ya zama daidai da wanda ke bisa katinka na ɗan ƙasa.

2. Rana. In ka ga 05/03, ana nufin ran 5 ga wata na 3, wato Maris. Rana ce a gaba, wata a baya.

3. Lokaci. In an rubuta 4h30, ƙarfe huɗu da rabi na asuba ke nan. In an rubuta 16h30, sai ka cire 12, ya zama huɗu da rabi na la'asar. Wani tikiti yana da lokaci biyu. "Convocation" shi ne lokacin da za ka hallara da kayanka. "Départ" shi ne lokacin tashi. In ka makara, mota ba ta jira.

4. Kuɗɗi. Mu da dala muke ƙirga, su kuwa da faran suke rubutawa. Dala 1 faran 5 ce. Dala 20 faran 100 ce. Dala 200 faran 1000 ce, wato jika guda. Misali, in ka ga 7500 F, jika bakwai da rabi ke nan. In an karɓi kuɗɗin kaya dabam, ka nemi takardarsu.

Kada ka sayi tikiti a hannun wanda ya tare ka a bakin ƙofa. Ka je wurin da ake sayarwa. Kada ka yar da tikiti ko lambar kaya sai kayanka sun shigo hannunka. In ba ka gane wani abu ba, ka tambaya. Mai tambaya ba ya ɓata.

Shirin tafiya

Takardu su ne gaba. Babba ya riƙe katin ɗan ƙasa. Yaro a tafi da takardar haihuwarsa. A shingen jami'an tsaro akan sauke fasinja a duba takardu, wanda ba shi da su yakan tsai da mota duka. In an ci ka tara, ka nemi rasit. In za ka ƙetare iyaka, kamar daga Ƙonni zuwa Sakkwato, ko daga Maraɗi ta Ɗan Isa zuwa Katsina, ko daga Damagaram ta Magarya zuwa Kano, ka fara tambaya ko iyakar a buɗe take, da takardun da ake nema. Haka nan in hanyar ta bi yankin da ke fama da rashin tsaro, ka ji ta bakin ƴan tasha kafin ka sa rana.

Kuɗɗi masu yawa, kada ka ɗauke su a jika. Akwai wuraren aika kuɗɗi a manyan garuruwa, irin su Nita, Al Izza da Amana. Ka aika da sunanka, ka karɓa in ka isa. Abin da ka riƙe na guzuri, ka raba shi wuri biyu. Kada ka fito da shi duka a gaban masu talla.

Ka rubuta sunanka da garinku da lambar waya bisa kowace jaka da kowane buhu. Buhuna kama suke da juna, ana sauke su da dare. Ka kuma rubuta lambar wani ɗan'uwa a ƴar takarda ka sa a aljihu, ko da wani abu ya faru.

Ka riƙe ruwa mai tsabta, da abinci busasshe kamar dabino, gyaɗa ko burodi. Ka ɗauki mayafi ko riga mai kauri don sanyin na'ura da na hunturu. Mai shan magani kullum, kamar na hawan jini ko ciwon suga, ya sa maganinsa a aljihu, kada ya bar shi cikin jakar da ke ƙarƙashin mota.

Wasu in sun shiga mota sai jiri da amai. Dalili shi ne, ido yana ganin kujera a tsaye, jiki kuma yana jin motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Mai irin wanga hali ya nemi wurin gaba, ya riƙa duban nesa, ya bar kallon waya, kuma kada ya cika ciki da maiƙo. Duk inda aka tsaya, a sauka a miƙe ƙafafu. In kujera tana da ɗamara, a ɗaura ta.

Kada ka karɓi jaka ko kunshin wanda ba ka sani ba don ka kai ma wani. In aka samu haramtaccen abu a ciki, kai za a kama.

In haɗari ya faru, a kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, ko 17, lambar ƴan sanda. Wanda ya bugu a wuya ko a baya, kada a ja shi da ƙarfi, sai in wuta ce ta tashi. Inda jini ke zuba, a danne da ƙyalle mai tsabta.

Zaman mota

Bis kamar ƙaramin gari ne na wuni guda. Akwai malami, akwai soja, akwai amarya, akwai marar lafiya. Wanda ke kusa da kai maƙwabcinka ne har a sauka. Ka gaishe shi. In ka buɗe guzuri, ka ce masa bisimilla. Saurayi ya taimaki inna ta hau, ya karɓar ma mai goyo jakarta. Mai waya ya rage murya. Ledar ruwa da ɓawon gyaɗa a tara su wuri guda, kada a jefa ta taga, don leda tana kashe dabbobin da suka haɗiye ta. In an tsaya salla ko cin abinci, kowa ya duba maƙwabcinsa ya dawo kafin mota ta tashi. Mutane da yawa sun samu aboki, ko abokin ciniki, ko ma suruki, daga gaisuwar cikin mota.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace tafiya ce mafi nisa da ka taɓa yi a mota? Waɗanne garuruwa ka wuce?

2. Mene ne bambancin motar tasha da motar kamfani?

3. An rubuta 14h00 bisa tikiti. Ƙarfe nawa ke nan?

4. Tikiti guda 6000 F ne. Jika nawa mutum uku za su biya?

5. In direba yana gudu fiye da kima, mi za ka ce masa? Wa zai mara maka baya?

6. Wace wahala ce mata ke sha a doguwar tafiya? Ƙaƙa za a rage ta?